Inuwar Ambasad

A unguwar Mahdiya ta garin Sabha, can ƙasar Larabawa bayan hamada, in ka ji ɗan Nijar ya ce za shi Ambasad, kada ka zaci ofishin jakadanci yake nufi. Bishiyar bedi ce guda ɗaya tak a bakin titi, daura da masu walda, irin wadda mutanen Kano ke ce wa darbejiya. A gindinta leburori ke zama tun da sassafe suna jiran motar da za ta kwashe su zuwa gini ko gona. Nan baƙon da ya sauko daga kamyon, babbar motar Agadas, yake fara cigiyar ɗan garinsu, nan ake ba da saƙo, nan ake jin wa ya rasu a gida, wa ya yi aure. Baba Assoumane mai shayi ne ya shuka ta, da ƙwallon da ya zo da shi daga Tawa a aljihu tun gemunsa na baƙi. Ruwan alwala da ɗaurayen kofunan shayi ne suka raine ta, don hadari bai san hanyar Sabha ba.

Shekarun nan ne da gidan rediyo ba shi da magana sai Afirka ɗaya ce. An kafa taswirar nahiyar a kowane shataletale, an saki iyaka, mutanenmu suka yi ta kwararowa, wasu har da iyali. To, uba ya tafi gini, uwa ta tafi aikatau gidan Larabawa, yara fa? Makarantar gwamnati Larabci zalla take yi, iyaye kuwa duk wanda ka tambaya sai ya ce baɗi zai koma gida, ya kuma tsufa yana faɗin haka.

Malama Saoudé ce ta tattara yaran. 'Yar Damagaram ce, malama ta gaske mai takarda, ta koyar a ƙauye kafin ta biyo mijinta Nouradine, wanda magini ne, shi ma ɗan zaman Ambasad. Wani Balarabe mai gareji, Haj Miftah, ya ba ta aron ɗakuna biyu da filin bayansu. Ta shafa baƙin fenti a bango ya zama allo. Lakol, wato makaranta, ta kankama, ko lokacin hutu ba a rufewa, amma a takarda babu ita, kuma abin da ke cin ran Saoudé ke nan. Manyan ɗalibanta sun isa jarrabawar satifika, in kuwa hukumar ilimi ta Yamai ba ta san da lakol ba, ba mai ba su izinin zama. Mazan za su bi iyayensu kwaɓa siminti, matan su shiga wanke-wanken gidajen mutane. Wadda ta fi tsaya mata a rai ita ce Djamila, jikar Baba Assoumane, marainiya a hannunsa, yarinyar da kan gama lissafi kafin Malama ta ajiye alli.

A watan Mayu sai ga Mushe Hachimou. Haka muke kiran malamin lakol a Nijar, 'yan Nijeriya su yi ta ƙyaƙyata dariya, su suka sani. Tsohon sufeton makarantu ne daga Maradi, siriri, mai tabarau da igiya a wuya, kuma shi ya koyar da Saoudé a makarantar horon malamai. Bai taɓa kiran ta da suna ba, sai "ɗiyata". Wata ƙungiyar malamai ce ta turo shi ya zaga ƙananan makarantun 'yan Nijar da ke wannan yanki na Fezzan, ya taimaka wa malamansu da darasin kula da muhalli. Ya tara su mako guda a ajin Saoudé, da malaman Murzuk, da na Ubari, da na unguwar Hajara.

A faɗi gaskiya, mutumin ya iya aikinsa. Ba ya cikin masu zuwa da manyan kalmomi su ci kaza su tafi. Ya sa malamai suka cika faranti biyu da ƙasa, ɗaya da ciyawa a kai, ɗaya tsirara, suka hura da baki, kowa ya ga wadda iska ke kwashewa. Ya nuna musu tace ruwa da yashi da gawayi. Ya fita da su bayan gareji suka tsinci leda har buhu ya cika, ya ce su binne guda tare da ɓawon lemo, su tono bayan wata biyu a gaban yara, a ga wanda ƙasa ta ci da wanda ta ƙi. Har waƙa ya koya musu, yana kaɗa ƙafa kamar yaro:

Icce na da rai kamar ni,
Yana sha, yana numfashi.
Hannuna ba zai sare shi ba,
Hannuna mai ba shi ruwa ne.

Ran ƙarshe ya raba musu irin bedi da baƙaƙen ledoji na reno.

"Ku rene su cikin inuwa," in ji shi. "Ran ukku ga watan Ut kowane yaro shi dasa nashi, kamar yadda aka saba. In Allah ya kai mu Oktoba zan dawo in gani." Ya juya ga Saoudé. "Ɗiyata, in na iske aiki a ƙasa, ni da kaina zan ɗauki zancen lakol ɗinki in kai Yamai. Yaranki za su zauna satifika."

Nan fa aka yi kuskuren, kuma kuskure ne da ba mai yin sa sai mu. Duk ɗan Nijar ya tashi ya ga ana dasa itace ran uku ga Agusta, ranar samun 'yancin kai. A gida lokacin damina ta zauna, ƙasa ta yi laushi, ka tona da yatsa ka sa, Allah ya shayar. Mun saba har mun manta ruwan ne dalili, mun ɗauka ranar ce mai albarka. A Sabha kuwa Agusta wata ne da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. Malamai masu takarda cike da ɗaki, kowa ya rubuta ranar a littafinsa ya ja mata layi, ba wanda ya ɗaga yatsa.

Haj Miftah ne kaɗai ya tanka, ranar da ya ga ana haƙa ramuka. Ya leƙo daga gareji da baƙin mai a hannu, ya ce, "Ya ustaza, dashe? Yanzu? Ki bari sanyi ya shigo mana." Sannan ya yi dariya, dariyar kuwa ita ta ɓata maganar. Saoudé ta sha jin irinta a kasuwa da bakin 'yan sanda, saboda haka ta ɗaure fuska ta ce masa a ƙasarsu haka ake yi, kuma ƙasarsu ta fi tasa itatuwa. Bai ja da ita ba, ya koma ƙarƙashin motar da yake gyarawa.

An yi dashe. Yara suka sa kayan salla, aka ɗaga tuta, aka yi waƙa, iyayen da ba su sami aiki ba ran nan suka zo suka tafa. Kowane yaro ya kewaye nasa da duwatsu. Safe da yamma suna jidar ruwa a bido, wato jarka, daga famfon gareji, ruwan da shi kansa gishiri-gishiri ne, yashi ya shanye kafin a juya baya. Sai iskar da Larabawa ke kira gibli ta taso daga kudu, mai zafi kamar bakin tanda, ta yi kwanaki tana busawa. Ganye ya naɗe, ya yi baƙi, ya zube. Saoudé ta ce wa yara barci itatuwan suke yi, za su farka. Kafin Satumba ta ƙare babu abin da ya rage sai tsinkaye a tsaye cikin da'irar duwatsu. Yara suka daina tambaya, abin da ya fi tambayar yi mata ciwo.

Ana haka Mushe Hachimou ya bugo waya shagon tarho na bakin titi, aka aiko aka kira ta. Layin na ƙara, mutane na jira a bayanta. Ya tambayi maigida, ta ce lafiya lau. Ya tambayi yara, lafiya lau. Ya tambayi itatuwa.

"Lafiya lau, Mushe."

Bakinta ne ya riga ta. Ta buɗe shi za ta gyara, sai ta ji ya ce, "Alhamdu lillahi! Na Murzuk da na Ubari da na Hajara duk sun mutu, ke kaɗai kika fid da ni kunya. Asabar muna tafe, da malaman duka, da manyan ilimi na Sabha. Su zo su ga aikin ɗiyata."

Ta ajiye kan tarhon ta fito. Sau biyu tana komawa ƙofar shagon, sau biyu tana juyowa. Ta ce masa me? Cewa ɗiyar da ya gama yabo a gaban mutane ta yi masa ƙarya tun a gaisuwa? In ya zo bai ga aiki a ƙasa ba, da wane baki zai kai zancenta Yamai? Ran Alhamis ta shiga motar haya har wani lambun renon itatuwa a hanyar Zigan, ta tarar da dabino da zaitun da lemo, ba bedi ko ɗaya. Mushe kuwa ya san abin da ya ba ta.

Da ta dawo, mota ta sauke ta a bakin titi rana na tsakiya. Baba Assoumane ya hango ta.

"Malama, shigo inuwa ki huta! Wanga rana ba ta ɗan Adam ba ce."

Leburori suka miƙe suka ba ta benci, tsohon ya miƙo mata shayi ya ƙi karɓar komai, ya ce malamar Djamila ba ta biya a nan. Tana kurɓa ta ɗaga kai. Ganye kore shar, luf-luf, irin nata sak. Da shayin mutumin a bakinta dabarar ta zo mata, kuma ba ta kore ta ba.

Ran Juma'a da azahar Mahdiya takan mutu murus. Masu walda sun rufe, leburori da Baba Assoumane duk sun tafi masallaci, ba kowa a titi sai kyanwa. Saoudé ta ɗauko zarton Nouradine ta naɗe a zane, ta kira Djamila da wasu manyan 'yan mata biyu.

"Ina za mu, Madam?"

"Ambasad. 'Yan rassa za mu ɗebo."

Djamila ta tsaya. "Madam, sara?"

"Wa ya ce miki sara? Aski ne. Icce ma yana so a rage masa gashi, ya fi tofo."

Ta faɗe shi da muryar aji, muryar da ba a musu da ita, yara suka bi ta.

Da niyyar ƙananan rassa ta je, amma ƙananan suna can sama, ita kuwa ba ta iya hawa ba. Abin da hannunta ke kaiwa manyan rassa biyu ne da suka miƙe ta kan bencin Baba Assoumane, waɗanda in gaskiya za a bi su ne inuwar gaba ɗaya. Ta hau bencin ta kama na farko. Malama ce, ba ta taɓa yanka reshe ba. Ta yi ta gurzawa daga sama, kafin zarto ya kai rabi nauyi ya rinjaya, reshen ya tsage da ƙara, ya saɓule ɓawon bishiyar har kusan ƙasa. Jikin iccen ya fito fari fat, ruwa na tsattsafowa. Nan ya kamata ta tsaya. Ta dubi ganyen da ke ƙasa, ta tuna ramukan da ke jiran ta, ta ga ba zai isa ba, ta kama na biyu.

'Yan matan na karya ƙananan rassa suna turawa a buhu. Djamila ta ci karo da ƙusar da kakanta ke rataya rediyonsa, tana nan kafe a jikin reshen da ya faɗi. Ta yi ƙoƙarin zare ta da yatsu, ta kasa, ta bar ta. Suka isa lakol suka tsoma rassan cikin duron ruwa.

Da la'asar Nouradine ya shigo gida ransa a ɓace. Ya ce wani marar tsoron Allah ya yi wa Ambasad ɓarna ana cikin salla, Baba Assoumane ya zauna a ƙasa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Wasu na zargin masu awaki, wasu na zargin baƙin da suka sauka jiya. Yana magana yana neman kayan da zai gyara ƙafar bencin tsohon, wadda reshe ya karya, har ya ɗauko zarto. Ya dubi haƙoran zarton. Ya kai hanci.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ce. Benci na gyara a lakol."

Ya daɗe yana kallon ta. "Bencin naki ɗanye ne, Saoudé," ya ce. Ya ajiye zarton a hankali ya fita.

Ta so ya yi faɗa. Da ya yi, da ta sami abin mayarwa: jarrabawa, Djamila, shekarun da ta yi tana koyar da 'ya'yan mutane a bayan gareji. Duk ta tanade su, ya tafi ya bar ta da su a baki.

Asabar da sassafe, kafin ƙananan yara su zo, ita da 'yan matan uku suka tuge tsinkaye, suka soke rassa a ramuka, suka kwarara ruwa. Wallahi ya yi kyau. Kore layi-layi, kowane cikin duwatsunsa. Da ƙananan suka shigo sai suka hau tsalle suna ihu, wai itatuwa sun farka kamar yadda Madam ta faɗa. Wani ɗan ƙarami har ya durƙusa yana gaida nasa. Saoudé ta juya baya ta yi kamar tana gyara tuta.

Baƙi suka iso ta ƙofar gareji. Wani babba daga ofishin ilimi ya yi jawabi da Larabci a kan Afirka mai ɗanyen ganye, aka tafa. Malamin Murzuk ya riƙe baki, ya ce shi fa nasa ko wata ba su yi ba, ya roƙi Malama ta gaya musu sirrin. Saoudé ta ce ruwa ne da haƙuri. Haj Miftah na tsaye a jikin ƙofa yana goge hannu da tsumma, yau kam bai yi dariya ba.

Mushe Hachimou ya bi layin a hankali, hannuwa a baya. A tsakiya ya tsaya, ya sa tabarau, ya tsuguna. Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe bai dube ta ba, ya wuce gaba, ita kuwa ta ɗauka ta tsira.

Sai malamin Ubari ya ce, "Mushe, kun yi mana alkawarin nuna mana iccen nan da leburori suka raya da ruwan alwala. Tun da ga mu kusa."

"Rana ta yi," in ji Mushe Hachimou. "A bar shi wani lokaci."

Amma an riga an fassara wa babban baƙo, ya ce lallai sai ya gani, ai wannan ita ce Afirkar da ake magana. Aka jera yara biyu-biyu, Djamila a gaba da tuta, aka ce su yi waƙa. Saoudé ta bi su a baya.

Tun daga kwanar titi waƙar ta fara mutuwa. Ambasad ta koma rabi. Ta gefen benci babu komai sai dungu biyu da doguwar tsaga, wadda Baba Assoumane ya shafe da laka kamar mai ɗaure rauni. Leburori sun bar wurin zamansu sun jeru a jikin katangar masu walda, cikin 'yar inuwar da ba ta rufe gwiwa. Nouradine na cikinsu, da tsumma a ka. Tsohon kaɗai ne bai gusa ba. Yana zaune inda ya saba, rana na dukan sa, rediyonsa a ƙasa.

Da ya ga manyan mutane ya miƙe da ƙyar.

"Kun zo ganin icce? Ga shi, ku gani." Ya dafa jikin bishiyar. "Ruwan da ni ban sha ba shi nike ba shi. Mutum shi bari sai mun tai salla, shi zo shi yi mini wanga aiki. Mi na yi mishi? Waɗanga bayin Allah mi sunka yi mishi?" Ya nuna leburori. Sannan ya juya gabas ya ɗaga hannuwa biyu. "Ni ban san shi ba, amma Allah ya san shi. Hannun da ya yanka, da hannun da ya ɗauka, da wanda ya sani ya yi shiru, ban yafe ba. Allah ya..."

"Baba, tsaya!"

Ita kanta ba ta san muryarta za ta fita haka ba. Idonta na kan Djamila, wadda ke tsaye da tuta a hannu. Hannun da ya ɗauka ga shi nan a gaban tsohon, jininsa. Wanda ya sani ya yi shiru kuma ga shi can a jikin katanga da tsumma a ka.

"Ni ce, Baba. Ni na yanka. Itatuwan lakol sun mutu tun tuni, rassan iccenka ne na kafa a ramuka don baƙi su gani. Yara aike ne, ni na sa su. In za ka yi, ka yi mini ni kaɗai."

Mai walda ya kashe injinsa. Babban baƙo ya tambayi me ake cewa, ba wanda ya fassara masa. Ya dubi bishiyar, ya dubi Malama, ya daina tambaya. Saoudé ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba tun da uwarta ta haife ta, ta ji ta a fatar fuska, ta ji ta har tafin ƙafa. Mazan da shekaranjiya suka miƙe suka ba ta benci duk sun sunkuyar da kai, su ne ma ke jin nauyin kallon ta.

Baba Assoumane ya sauke hannuwansa. Bai dube ta ba, jikarsa ya duba.

"Har da ke?"

Djamila ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Kullum in ta taso lakol sai ta yi mini waƙar ga," ya ce, kamar da bishiyar yake magana. "Har na iya ta." Ya shafa fuska. "Na janye. Ba don ke ba, Malama."

Ya karɓi tutar daga hannun yarinyar ya miƙa wa na bayanta, ya kama hannunta ya zaunar da ita kusa da shi.

Baƙi suka watse ba doguwar sallama. Da rana ta take, Saoudé ta koma filin lakol ta tarar da Mushe Hachimou shi kaɗai. Rassan duk sun langaɓe. Ya zare ɗaya daga rami, ya fito sumul ba saiwa, ya nuna mata wasu 'ya'ya rawaya a ƙarƙashin ganye.

"Dashen wata biyu ba ya 'ya'ya," ya ce. "Tun da na tsuguna na gani. Na yi shiru ina neman yadda zan rufa miki asiri, in rufa wa kaina." Ya cire tabarau ya sake su a ƙirji. "Ranar dashe laifina ne. Na tsufa ina dasa icce ran ukku ga Ut, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Na zo ƙasar da ba damina na ba malamai kwanan watan damina, na kashe itatuwan yara da bakina. Haka zan rubuta, da sunana. Sauran malamai sun ce mini nasu sun mutu, ban ji komai ba sai tausayi. Da kin faɗa mini haka..."

Ta kasa ɗaga kai.

"Yara za su zauna satifika. Na duba aikinsu, sun cancanta, zan kai zancen Yamai kamar yadda na ce." Ya ajiye reshen a ƙasa. "Sauran kuma tsakaninki da su ne, Madam."

Madam ya ce, ba ɗiyata ba. Ya yi mata sallama da ladabi, irin wadda ake yi wa malamar da aka fara gani yau, ya tafi. Abin da ta yi duk wannan dominsa ga shi ta samu, kuma ashe ko da tsinkaye ya tarar da ta samu. Ta zauna a kan dutsen wani yaro ta yi kuka mai isar ta.

Washegari yara suka jeru a fili kamar kullum, suna jira ta ɗauko waƙa. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce su shiga aji kawai. Da ta juyo daga allo sai ta ga gurbin Djamila a bencin gaba ba kowa. Ɗaya daga cikin 'yan matan da suka ɗauki buhu ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kakanta ya ce ta bari haka nan, Madam. Wai abin da ta koya ya isa. An samo mata gidan aiki a Hajara, Asabar za ta fara."

Saoudé ta ajiye alli. Ta ce wa babbar cikinsu ta kula da aji. Ta cika bido a famfon gareji, ta ɗora a ka, ta bi titi a gaban kowa. Leburori na jikin katanga, suna hango ta hira ta tsaya. Nouradine ya yunƙura kamar zai taro ta, ya fasa, ya koma ya zauna. Ta sauke bidon a gindin bishiyar, ta durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, ina kwana. Zancen Djamila ne ya kawo ni."

Tsohon ya juya ga murhunsa. Yana ta fifita gawayi, yana juya shayi daga kofi zuwa kofi. Ta ci gaba da durƙuso a daidai inda inuwar take a da, ƙasa na ƙona mata gwiwa, rana na dukan ƙeyarta, tana jira ya ɗago kai.